A Durƙushe Ko a Tsaye: Shekara Biyar Bayan Kawu Sa'idu

A wannan hunturun ne kawuna, Dakta Sa'idu, ƙanin mahaifiyata, ya cika shekara biyar da rasuwa. Mota ce ta take shi a wani fili da ke arewa da birnin Doha, ranar wata Juma'a bayan sallar la'asar. Kafin in ci gaba, ya kamata mai karatu ya san inda na samo abin da zan faɗa. Kashi na farko shi ne abin da na gani da idona, domin ina wurin, sai dai a daidai lokacin da abin ya auku na ba shi baya. Na biyu shi ne abin da mutum biyu da suke kallon wajen suka shaida mini, kuma maganarsu ba ta zo ɗaya ba. Na uku shi ne labarin da marigayin ya riƙa ba ni game da aikinsa a can ƙarshen arewacin duniya, inda ban taɓa zuwa ba. Duk kuskuren da aka samu a wannan kashi na uku nawa ne, ba nasa ba. Ban sa sunan direban ba, ban kuma sa na filin ba. Hukuma ta yi aikinta, shari'a ta ƙare tuntuni, kuma ba ita na zo tayarwa ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne Hafsatu, 'yarsa ɗaya tilo. Tana ƙarama lokacin da aka mayar da ita Funtuwa tare da mahaifiyarta, yanzu kuwa ta shiga sakandare. Kwanakin baya ta kira ni a waya, ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. Ta ce, "Yaya Nura, Baffa Babba ya ce wai Abbana da kansa ya tsaya a gaban mota saboda ciyawa. Ya ce ciyawa ya zaɓa ya bar mu. Kai kana wurin. Haka ne?" Baffa Babba wan mahaifinta ne. Na ce mata ta ba ni lokaci. Ta ce, "Ba na son lallashi, ka ji? Gaskiya nake so." Na yi mata alkawarin haka. Wannan rubutu shi ne iyakar abin da na iya tattarowa, kuma don ta fahimci yadda mutum zai mutu a kan sawun taya, dole in fara daga inda ya koyi kallon sawun.

Kawu masanin ƙasa ne, ƙasar da ake takawa. Karatun digirinsa na uku ya kai shi arewacin Alaska, yankin da ake kira tundura. Yadda ya bayyana mini, fili ne shimfiɗaɗɗe da babu bishiya, wanda ƙarƙashinsa daskararre ne shekara da shekaru. Saman ne kawai ke narkewa idan zafi ya zo. A kan wannan saman akwai wata tabarma ta gansakuka da saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye, da dunƙule-dunƙulen ciyawa masu kama da kawunan mutane, da ƙananan itatuwa da ba su wuce gwiwa ba. Wannan tabarmar ita ce bargon da ke hana zafin rana kaiwa ga ƙanƙarar da ke ƙasa. Saboda haka ba a barin manyan motoci su ratsa filin sai da hunturu, bayan ƙasa ta daskare ta yi tauri, dusar ƙanƙara kuma ta rufe ta. Tunanin shi ne, idan mota ta bi ta kan dusar ƙanƙara, ba ta taɓa komai ba.

Aikin Kawu shi ne ya duba ko hakan gaskiya ne. Ya bi ayarin masu binciken mai a wani hunturu, kuma labarin da ya fi maimaita mini shi ne na wata gaɓar kogi inda iska ta share dusar har ta yi ƙaranci. Wata katafila mai ƙafar sarƙa tana jan ɗakunan kwanan ma'aikata a kan manyan katakai masu zamewa a ƙanƙara, ta zo ta yi kwana a wurin. Ya ce sarƙar ta fille kawunan ciyawar nan ɗaya bayan ɗaya, ta yi jifa da su gefe, ƙananan itatuwan da sanyi ya busar kuma suna karyewa da ƙara kamar ana karya ƙashin kaza. Inda ta juya, ta ɗaye tabarmar gaba ɗaya, baƙar ƙasa ta fito fili kamar an feɗe dabba. Direban bai yi wani laifi ga doka ba. Da safe iska ta sake rufe wajen, ya yi fari fat, ba wanda zai ce wani abu ya faru.

Sai da zafi ya zo raunin ya bayyana. Inda aka danne tabarmar ko aka yage ta, rana tana shiga, ƙanƙarar ƙasa tana narkewa fiye da yadda ta saba, ƙasar tana zaftarewa, sawun ya zama kwari, kwarin ya cika da ruwa. Ya ce wuraren da suke da dausayi tun asali sukan farfaɗo da wuri, amma tudu mai dunƙulen ciyawa da busassun wurare sukan daɗe ƙwarai, wasu kuma sawun da aka yi tun kafin a haife shi har yanzu ana hango su daga jirgin sama, layi miƙaƙƙe kamar an ja da reza. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne sau da yawa layin ya fi kewayensa kore, domin ciyawar ruwa ce ta maye gurbin abin da aka kashe. Baƙo yakan ga koren ya ce ƙasa ta warke. Kawu yakan ce ba ta warke ba, an dai canza ta ne da ƙarfi.

Yadda ake auna wannan ɓarna shi ne abin da nake so mai karatu ya riƙe. Da lokacin zafi ake yi, lokacin da babu wata babbar mota da ke da izinin taka filin. Mai awo yana durƙusawa a tsakiyar sawun, ya kafa wata doguwar sandar ƙarfe mai tsini, ya danna ta da nauyin jikinsa har sai ta ci karo da daskararriyar ƙasa, sannan ya duba zurfin. Sauro ya yi yawa a can, don haka yakan ja hular rigarsa ya rufe kai da kunnuwa. Hankalinsa duka yana tafin hannunsa, yana jiran lokacin da ƙarfen zai tsaya. Babu dalilin waiwaye. A can, sawun mota a lokacin zafi shi ne wurin da ya fi ko'ina aminci, domin motar da ta yi shi ta tafi tun watanni, kuma ba mai biyo ta. Shekaru ya yi yana wannan durƙuso har ya zame masa jiki.

Daga nan aiki ya kawo shi Doha, ni kuma na biyo shi bayan na gama digirin farko, na zauna a ɗakin baƙinsa a unguwar Bin Umran ina karatun digiri na biyu. A nan ya sami abin da bai yi tsammani ba. A hamadar ƙasar nan akwai ƙananan kwaruruka da ake kira rauda, inda ruwan hunturu ke taruwa da laka mai laushi, kurna da ƙaya su tsiro, ciyawa ta rufe ƙasa na ɗan lokaci. Hunturu kuma shi ne lokacin da jama'a ke fita daji da jif don shan iska. Doka ta hana shiga rauda da mota, mutane da yawa kuma suna kiyayewa, amma ba a rasa masu shiga bayan an yi ruwa don su ga laka tana tashi. Taya tana danne jiƙaƙƙiyar ƙasar ta zama kamar daɓe, tana tumɓuke tsiro, tana binne iri inda ba zai fito ba. Kawu ya ce ƙanƙara ce kawai babu, amma raunin iri ɗaya ne: ƙasa mai siririyar fata, da mota mai nauyi, da hunturu. Ya fito da sandarsa ta Alaska ya ci gaba da aiki, yana auna yadda ƙasa ta taurare a cikin sawu da wajensa.

Dole in faɗi abin da ke goyon bayan maganar Baffa Babba, domin akwai shi. Kawu mutum ne mai zafin zuciya, kuma a kan wannan batu zafin ya wuce kima. A hunturun da ya gabaci rasuwarsa, a gabana, ya sha gaban wata jif da ke zagaye cikin rauda, ya daki bonet ɗinta da tafin hannu har ya lotsa. Mutum biyu suka fito. Aka yi cacar baki da Larabcin da bai gama iyawa ba, ɗaya ya ture shi, shi kuma ya cakumi wuyan rigarsa, ɗayan ya kai masa naushi a baki. Leɓensa ya fashe, haƙorinsa na gaba ya karye, jini ya ɓata masa gemu. A hanyar dawowa yana tofar da jini ta taga yana dariya. Baba Fuseini, direban da ke kai mu daji, dattijo ne daga Zangon Kumasi da ya daɗe a ƙasar nan, ya ce masa, "Dokta, kai fa ba soja ba ne. Wata rana ciyawan nan zai ci ka, wallahi." Kawu ya ce, "To ai ka ga sun fita, Baba." Baba Fuseini ya ce, "Sun fita da haƙorinka." Matar Kawu, Anti Binta, ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba, kuma ya yi mata rantsuwa a gabana cewa ba zai sake shan gaban mota ba. Na ji rantsuwar da kunnena. Ban san ko ya riƙe ta ba.

Ranar da abin ya faru an yi ruwa kwana biyu kafin nan. Mun ajiye motarmu a kan tsakuwa a bakin rauda, kamar yadda Kawu ya saba tilasta mana, muka shiga da ƙafa, Baba Fuseini ya zauna a mota. Wani tsohon sawu ya ratsa tsakiyar filin, ya fito daga bayan wani ɗan tudu ya gangaro. Akwai iska mai sanyi, Kawu ya ja hular rigarsa, rigar kuma ruwan ƙasa ce. Ganina na ƙarshe da shi yana da rai sosai, yana durƙushe a tsakiyar sawun, bayansa ga tudun, hannunsa biyu a kan sandar. Ya ce in koma mota in ɗauko sauran ledojin da muke zuba samfurin ƙasa. Na juya na tafi.

Ina buɗe bayan motar na ji rurin inji daga bayan tudun, mai ƙarfi, yana ƙaruwa. Na ji ihu guda ɗaya. Sannan na ji wani sauti da ban taɓa samun kalmar da ta dace da shi ba, ƙarfe da nama a haɗe. Da na juyo, jif ɗin tana zamewa a karkace cikin laka, tayoyinta a kulle, tana jan wani abu a ƙarƙashinta. Ta yi tafiya mai ɗan nisa a haka kafin ta tsaya. Na yi gudu, laka tana cire mini takalmi. Ƙafafunsa na fara gani, ɗaya ta juya ta inda ƙafa ba ta juyawa. Ƙirjinsa yana ƙarƙashin gindin motar. Sandar ta lanƙwashe ta maƙale a bamba. Muka haƙa laka da hannu, ni da wani makiyayin raƙuma da ya rugo, muka jawo shi. Bakinsa cike yake da jini da laka, na sa yatsa na share, yana numfashi da wani irin gurnani, idonsa a buɗe amma ba ni yake kallo ba. Na yi ta maimaita masa kalmar shahada a kunne. Leɓensa ya motsa. Ba zan ce ya amsa ba, domin ban ji ba.

A bayana kuwa Baba Fuseini, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya fizge sandar daga bamba ya rotsa gilashin gaban jif ɗin da ita. Ya jawo direban ta ƙofa, saurayi ne da bai girme ni ba, ya buga shi da ƙasa, ya hau kansa yana dukansa da hannu biyu yana kuka. Saurayin bai kare kansa ba. Hancinsa ya fashe, yana ta faɗin abu ɗaya da Larabci, cewa bai gan shi ba, bai gan shi ba. Makiyayin ne ya bar ni ya je ya rungume Baba Fuseini ta baya yana cewa da Larabci, "Khalas, ya Hajji, khalas!" wato ya isa haka. Kafin motar asibiti ta iso, Kawu ya cika a kan cinyata. A nan Doha aka yi masa sutura.

Yanzu ga inda shaidu suka rabu. Baba Fuseini yana zaune a motarmu, yana fuskantar filin. Na rubuta maganarsa yadda ya faɗe ta, da Hausarsa ta Zango: "Ya tashi. Na gan shi da idona. Mota ya fito kan tudu, Dokta ya miƙe ya ɗaga ƙarfen nan sama, kamar yadda ya yi bara. Ni na san shi, Nura. Ba ya iya zama yana gani." Makiyayin kuwa, wanda ke ta ɗaya gefen kusa da wata kurna, ya rantse cewa Kawu bai taɓa ɗagowa ba. Ya ce yana durƙushe, kansa a sunkuye, har motar ta hau shi, kuma ihun da na ji nasa ne shi makiyayin, yana ƙoƙarin ankarar da shi. Baba Fuseini ya ce a'a, muryar Dokta ce.

Na yi shekara biyar ina auna waɗannan maganganu biyu. Baba Fuseini ya fi kusa, amma rana tana fuskarsa, kuma ya riga ya taɓa ganin Kawu a gaban mota, ido kuwa yakan ga abin da ya saba gani. Makiyayin bai san Kawu ba, ba shi da abin da zai sa ya ƙara ko ya rage, amma ya fi nisa, kuma motar ta shiga tsakaninsu a ƙarshe. Direban jif ɗin ya ce bai ga mutum ba sai wani abu mai launin ƙasa, sai dai mai neman sassauci zai faɗi haka ko da ya gani. Gwiwoyin wandon Kawu sun yi laka, amma da ma ya yi awa yana durƙuso. Na tambayi likitan da ya duba shi ko raunukan sun nuna yana tsaye ko yana ƙasa, ya ce wanda mota ta ja a ƙarƙashinta, jikinsa ba ya ba da amsa mai tsabta. Akwai kuma yiwuwa ta uku da ba wanda ya faɗa: ya ji motar a makare, ya yunƙura don ya kauce, sandar na hannunsa, Baba Fuseini ya ga yunƙurin ya ɗauka tsayuwa ce. Wannan ce zuciyata ta fi so, shi ya sa na fi tuhumarta.

A makon jiya na koma wurin tare da Baba Fuseini. Ya bar tuƙi yanzu, yana zaune da ɗansa a Wukair, gwiwa ta dame shi. An kewaye raudar da shinge, an kafa allon gargaɗi, kuma na lura da idona cewa masu fita daji sun fi kiyayewa yanzu, suna ajiye motoci a kan tsakuwa. Ina tsammanin da Kawu ya ga shingen zai ji daɗi na minti ɗaya, sannan ya fara faɗan cewa ga wata raudar can ba a kewaye ba. Da zai tambaye ni labarin Alaska kuma, da na gaya masa abin da nake karantawa, cewa hunturun can yana gajarcewa, ƙasa tana jinkirin daskarewa, ga kuma masu neman ratsa filin da mota ba su ragu ba. Ba na jin hakan zai ba shi mamaki.

Muka leƙa ta shingen. Sawun yana nan. Inda jif ɗin ta zame a karkace ya zama ɗan kwari mai faɗi, ruwan bana ya kwanta a ciki, ciyawar wurin ta fi ta ko'ina tsawo da kore. Baba Fuseini ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ka gani? Wajen Dokta ya yi kyau. Allah ya karɓe shi." Na ce amin. Ban gaya masa abin da Kawu zai ce game da irin wannan koren ba.

Idan na auna abin da ya rage na mutumin nan, ba shi da yawa a ido. Akwai 'yan rubuce-rubucensa da masu irin aikinsa ke karantawa. Akwai sandar, wadda hukuma ta dawo mana da ita, tana jingine a lanƙwashe a ɗakina a Nu'aija, ban miƙar da ita ba. Akwai ni, da na gaji aikinsa, nake durƙusawa a cikin sawu kamar yadda ya koya mini, sai dai ni ina fuskantar inda mota za ta fito, kuma ba na rufe kunne ko da sanyi zai kashe ni. Abin da ya fi waɗannan duka shi ne ya koya mini kada in ce ƙasa ta warke don kawai an daina ganin jini, kada kuma in rubuta abin da sandata ba ta taɓa ba.

Saboda wannan koyarwar ne, Hafsatu, ba zan iya ba ki amsar da na san za ta sanyaya miki rai ba. Abin da zan iya rantsewa a kai shi ne wannan: mahaifinki ya yi wa mahaifiyarki alkawari a gabana, kuma ganina na ƙarshe da shi yana durƙushe yana aikinsa, bayansa ga tudu, kamar yadda ya saba a ƙasar da mota ba ta biyo mutum ta baya. Baffa Babba ba ya wurin, ba shi da hurumin ya ce ga abin da mahaifinki ya zaɓa. Amma ni ma da nake wurin ba ni da hurumin in ce miki bai tashi ba, domin mutumin kirki da yake ƙaunarsa ya ce ya gan shi a tsaye. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya yafe wa saurayin da ya take shi.

Tambayarki tana nan yadda kika yi ta, kuma ni ma tawa ce tun ranar: lokacin da motar ta gangaro daga tudun, Kawu Sa'idu ya gan ta ya tsaya, ko bai gan ta ba?